Jami'a ta ƙi ba ni bayanin ɗan wana: ina iyakar sirrin ɗalibi, ina kuma haƙƙin wanda aka ba amana?

Baban Safwan, Jidda

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina neman shawarar waɗanda suka san ƙa'idojin jami'o'in ƙasar nan, musamman ma'aikata da tsofaffin ɗalibai. Ɗan wana ya zo daga Kano da gurbin karatu na kyauta, yana shekararsa ta biyu a wata jami'a, kuma yana zaune a masaukin ɗalibai. Ranar da zai taho mahaifinsa ya ce ya damƙa mini shi amana, domin ni kaɗai ne jininsa a Saudiyya, ni kuwa ban taɓa bambanta shi da 'ya'yan cikina ba. A shekarar farko ba ya fashin zuwa gidana. Bana sai ya canja: ya rame, ya ɗauke ƙafa, idan na kira shi ya amsa a gajarce ya ce karatu ne ya yi yawa. Zuwansa na ƙarshe matata ta yi masa tuwon shinkafa da miyar kuka saboda ta san yana so, ya tsakura kaɗan ya janye hannu, ya zauna yana juya waya a kan cinyarsa ba tare da ya kunna ta ba. Daga baya abokin ɗakinsa ya shaida mini cewa yana kwana ido biyu, kuma ya taɓa ganinsa yana fitowa daga ofishin ba ɗalibai shawara.

Da hankalina ya ƙi kwanciya sai na je ofishin harkokin ɗalibai da kaina, na nuna iƙamata, wato katin izinin zama a ƙasar, na bayyana dangantakarmu, na tambaya ko yana halartar darasi, da yadda sakamakonsa yake, da kuma ko gaskiya ne yana ganin mai ba da shawara. Ma'aikacin ya karɓe ni da mutunci, amma ya ce ba zai iya gaya mini komai ba sai da amincewar ɗalibin a rubuce. Abu ɗaya ya tambaye ni, ko ina tsoron yaron zai cutar da kansa, sannan ya rubuta lambar wayata.

Shin wannan doka ce ta ƙasa ko kuwa tsarin jami'ar ne kawai? Idan doka ce, a wane hali ne jami'a za ta kira dangin ɗalibi, ko sai abu ya ɓaci? Sannan me zan ce wa yayana, wanda duk ranar Juma'a yake tambayata labarin ɗansa?

Ummu Hafsa, Riyad

Wa alaikumus salam, Baban Safwan. Allah Ya saka maka da alheri a kan riƙon zumunci, Ya ba yaron lafiya. Ina aiki a sashen harkokin ɗalibai na ɓangaren mata a wata jami'a a nan Riyad, kuma irin zuwan da ka yi muna ganinsa kowane zangon karatu, daga iyaye da yayye da mazajen aure. Ma'aikacin bai wulaƙanta ka ba, doka ce ta hana shi.

Dokar kare bayanan mutum ta fito a 2021, aka yi mata gyara a 2023, ta fara aiki ranar 14 ga Satumban 2023, aka kuma ba hukumomi da kamfanoni wa'adin shekara guda su daidaita ayyukansu da ita. Hukumar SDAIA, mai kula da harkokin bayanai a Saudiyya, ita ce ke sa ido a kanta, kuma ta shafi duk wanda ke zaune a ƙasar, ɗan ƙasa ne ko mai iƙama. Makin jarrabawa da lambar iƙama da lambar waya duk bayanan mutum ne, amma abin da ya shafi lafiya an ware shi cikin bayanai masu tsananin sirri, har wanda ya fallasa irinsu da nufin cutarwa ko neman wata riba zai iya fuskantar ɗaurin da ya kai shekara 2, ko tarar da ta kai riyal miliyan 3, ko duka biyun. A ɗaya ɓangaren kuma dokar mu'amaloli ta 2023 ta ɗauki wanda ya cika shekara 18 da lissafin hijira a matsayin baligi mai ikon kansa. Saboda haka a idon jami'a ɗan naka mutum ne cikakke, shi ke da ikon cewa a faɗa ko kada a faɗa.

Sai dai ƙofar ba a rufe take ruf ba. Dokar ta yarda a bayyana bayani idan mai shi ya amince, ko kotu ko wata hukuma ta nema bisa doka, ko kuma idan bayyanawar ta zama dole domin kare rai ko lafiyar wani. Wannan ne dalilin tambayar da ma'aikacin ya yi maka da kuma karɓar lambarka. Kuma ka lura da cewa an hana shi ba ka labari ne, ba a hana shi saurarenka ba. Duk abin da ka gani kana iya rubuta shi ka miƙa wa ofishin ba da shawara, su kuma su nemi yaron ta hanyarsu.

Akwai abin da nake so ka duba da idon basira game da ɗaliban da suka zo da gurbin kyauta. Jami'a ce kafilinsa, wato mai ɗaukar nauyin zamansa a ƙasar, ita ta ba shi ɗakin kwana, ita ke biyansa alawus na wata, a asibitinta yake ganin likita, ta hannunta kuma yake samun bizar fita da dawowa da tikitin hutu. Komai nasa yana hannu ɗaya. Yaron da ke cikin wannan hali yana tsoron cewa kalma ɗaya da ya furta a ɗakin mai ba da shawara za ta zagaya ta isa ofishin da ke sabunta masa iƙama, ko ta isa kunnen mahaifinsa wanda ya riga ya gaya wa duk unguwa cewa ɗansa yana karatu a ƙasa mai tsarki. Na sha ganin ɗaliba ta tsaya a bakin ƙofa da jakarta a ƙirji, kafin ta zauna ta ce, "Malama, za a rubuta wannan a fayil ɗina?" Idan amsar ba ta gamsar da ita ba, sai ta ce ciwon kai ne kawai, ta juya. Idan da gaske ne ɗanka ya taka da ƙafarsa zuwa wannan ofishi, to ya yi abin da da yawa ba sa iyawa, kuma tabbacin cewa ba za a kai maganarsa gaba ba ne ya ba shi ƙarfin halin zuwa.

Inda nake ganin gazawarmu mu ma'aikata shi ne, takardun da suka bayyana wa ɗalibi haƙƙoƙinsa ana miƙa masa su ne a makon farko, da Larabcin ofis, alhali wani ma cibiyar koyon harshe zai fara shiga. Yana sa hannu bai san abin da ya amince da shi ba.

Abu Musa, Kasala

Gaisuwa gare ku duka. Ni Bahaushen Sudan ne, haifaffen Gadarif, kuma ina karatu a wata jami'a a Khartum lokacin da yaƙi ya ɓarke ranar Asabar 15 ga Afrilun 2023, cikin goman ƙarshe na azumi. Na yarda da bayanin Yaya Ummu Hafsa a kan doka, amma ina so in tsaya kaɗan a gefen Baffa, domin na ga ranar da rashin sanin wa za a kira ya zama bala'i.

Da harbi ya fara, ofisoshi suka kulle, ma'aikata kowa ya koma ga iyalinsa, kuma babu mai ganin laifinsu. Mu 'yan ƙasa mun san hanya, muna da dangi a Madani da Sinnar da Gadarif. Abokanmu da suka zo daga Najeriya da Nijar da Chadi kuwa suka rage a ɗakunan kwana, ruwa ya yanke, wuta ta ɗauke, intanet yana zuwa yana tafiya, wanda ba shi da kuɗi a manhajar banki ta Bankak kuma sayen burodi ma ya gagare shi. Iyaye suna kira daga gida ba su san lambar kowa ba sai ta 'ya'yansu, wadda cajinta ya mutu. Ƙungiyoyin ɗalibai ne suka tashi suka bi ɗaki ɗaki suna rubuta sunaye a takarda, kuma da waɗannan takardu aka yi amfani wajen shirya motocin da suka kwashi mutane zuwa iyakar Masar da kuma Port Sudan.

To amma ga ɗaya fuskar, wadda ta sa ban ce a zubar da sirri ba. Waɗannan jerin sunaye, da lambar fasfo da lambar waya da sunan ginin da mutum yake, an ɗauki hotonsu an watsa a rukunonin WhatsApp da babu wanda ya san iyakar mutanen da ke cikinsu. Na ga hoton takardar da ke ɗauke da sunayen ɗalibai mata da wurin kwanansu tana yawo, a garin da 'yan bindiga ke shiga gidaje. An yi ne da kyakkyawar niyya, don ceton rai, amma da a ce tun lokacin zaman lafiya jami'a ta tanadi rajista mai tsari, ta ajiye kwafinta a wani wuri da ba harabarta ba, ta kuma ayyana mutum biyu ko uku da ke da izinin buɗe ta idan gaggawa ta taso, da ba a kai ga haka ba. Har takardun sakamakon karatu sun zama abin wahala daga baya, musamman bayan da yaƙin ya isa Madani a Disamban 2023, inda mutane da yawa suka fake tun farko.

Shawarata ga Baffa ita ce ya bar batun maki da na mai ba da shawara, ya nemi abu ɗaya da yake da cikakken haƙƙin nema daga yaron: ya shiga shafinsa na jami'a ko ya je ofis ya rubuta sunan baffansa a matsayin wanda za a kira idan wani abu ya faru. Mahaifin da ke Kano ba zai iya isa asibitin Jidda cikin dare ba. Kuma ina ganin ya kamata kowace jami'a ta riƙa tambayar ɗalibi wannan a farkon kowace shekara, ba sau ɗaya kawai ranar rajista ba, ta kuma bar shi ya faɗi a wane irin hali ya yarda a kira.

Baban Safwan, Jidda

Na gode Malama Ummu Hafsa, na gode ɗana Abu Musa, Allah Ya kawo wa Sudan zaman lafiya. Na fahimci dokar, ko da yake zuciyata ba ta gama natsuwa ba, domin abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba, kuma shekara 18 a takarda ba ita ce hankali ba. Tunda jami'a ba za ta faɗa mini ba, ina tunanin in roƙi abokin ɗakin nasa ya riƙa sanar da ni shigarsa da fitarsa da waɗanda yake waya da su, in kuma gaya wa mahaifinsa komai tun yanzu don in sauke nauyi. Ko akwai aibu a cikin haka?

Hajiya Babba, Makka

Alhaji, akwai aibu, kuma ina roƙonka don Allah kada ka yi. Na koyar a makarantar 'yan mata har na yi ritaya, na kuma ga 'ya'yana sun gama jami'a a garin nan. Ranar da yaron ya gane cewa wanda suke kwana ɗaki ɗaya yana kai rahotonsa, ya rasa aboki, ya rasa baffa, kuma zai yi zargin cewa ofishin ba da shawarar ma da su aka haɗa baki.

Ka ambaci yadda yake juya waya bai kunna ta ba. Ba na cewa ga abin da ke damunsa, amma a shekarun da na yi cikin yara na ga cewa wasu daga cikin masu ramewa haka ba karatu ne ke cinsu ba, wani ne ya riƙe musu hoto ko saƙo yana barazanar tona musu asiri, kuma wannan yana samun maza kamar yadda yake samun mata. Abin da mai barazanar ke dogara da shi kaɗai shi ne tsoron kada gida su ji. Dokar yaƙi da laifukan intanet ta 2007 ta tanadi ɗaurin da ya kai shekara 1, ko tarar da ta kai riyal 500,000, ko duka biyun, ga wanda ya keta sirrin mutum da kyamarar waya ko ya ɓata masa suna ta waɗannan na'urori, kuma ana iya kai ƙara ta manhajar 'yan sanda ta Kollona Amn ba tare da an tara jama'a ba. Dokar hana tsangwama ta hanyar lalata kuma, wadda ta fito a 2018, hukuncinta ɗaurin da ya kai shekara 2 ne ko tarar da ta kai riyal 100,000, amma idan abin ya faru a wurin karatu ko wurin aiki, ko mai laifin yana da iko a kan wanda ya cuta, hukuncin yana iya kaiwa shekara 5 da riyal 300,000. Ta wajabta wa hukumomi su buɗe hanyar karɓar ƙorafi, ta kuma hana bayyana sunan wanda aka cuta sai inda bincike ko shari'a ta buƙata. Waɗanda suka rubuta wannan sharaɗi sun san cewa ba don shi ba babu yaron da zai buɗe baki.

Mu mutanen Makka ba mu manta da gobarar makarantar 'yan mata ta Maris 2002 ba, wadda ta ci rayukan ɗalibai 15 a wani gini mai cunkoso da ba shi da isassun hanyoyin fita, har ta zama sanadin mayar da ilimin mata ƙarƙashin ma'aikatar ilimi. Tun daga lokacin, duk inda aka ce mini ana tsaron yara, abin da nake fara tambaya shi ne ta ina yaro zai fita idan abu ya taso, kuma wa zai kira. Idan kana son bincike a kan jami'ar, wannan kana da damar yinsa a fili: ka tambayi ko akwai mai kula da masauki da dare, ko ƙofofin gaggawa a buɗe suke, ko akwai sashen kare haƙƙin ɗalibai irin wanda Jami'ar Sarki Sa'ud take da shi. Waɗannan ba sirrin kowa ba ne.

Game da mahaifinsa kuwa, kada ka yi masa ƙarya, kada kuma ka kai masa zato. Ka ce yaron ya rame kuma kana bibiyarsa, domin iyakar abin da ka tabbatar ke nan.

Abu Anas, Madina

Ni ma'aikacin jinya ne a sashen masu lalurar ƙwaƙwalwa, kuma zan ƙara abu biyu a kan abin da iyayenmu da 'yan uwa suka faɗa. Na farko, dokar aikin lafiya ta ƙasar nan ta wajabta wa likita da ma'aikacin jinya riƙe sirrin majinyaci, amma cikin abubuwan da ta keɓe akwai sanar da iyalinsa idan hakan zai amfani maganinsa. A aikace mu kanmu mun fi son a samu wani babba a gefen yaro, kuma mukan tambaye shi ko akwai wanda ya amince mu kira. Yawanci sunan da yake bayarwa shi ne na wanda bai taɓa tsare shi da tambayoyi ba. Saboda haka, Alhaji, hanyar da za ka ji abin da kake son ji ta wurin yaron za ta biyo. Ka ɗauke shi a mota ku biyu kaɗai, ba a gaban yara ko a kan tabarmar cin abinci ba, ka gaya masa da bakinka cewa ka je ofis kuma sun ƙi faɗa maka komai, domin jin haka zai kwantar masa da hankali game da su. Sannan ka faɗi abin da idonka ya gani, ka yi shiru ka ba shi lokaci. Kada ka fara da cewa ya ƙara addu'a. Addu'a tana nan kuma muna yi, amma yaron da ke fama da ciwon damuwa yakan ji wannan kalma kamar an ce imaninsa ne ya yi rauni, sai ya ƙara rufe bakinsa.

Idan ya furta cewa ya gaji da rayuwa, ko ya fara rabar da kayansa, ko ya yi magana irin ta ban kwana, to ka tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa. Tambayar ba ta sa wa mutum tunanin, sau da yawa ma sauƙi take kawo masa. Idan ya amsa da e, kada a bar shi shi kaɗai, a kai shi sashen gaggawa, ko a kira 997 don motar asibiti, ko 911 wadda ke aiki a yankin Makka har da Jidda. Don neman shawarar likita akwai 937 ta ma'aikatar lafiya, akwai kuma manhajar Qareboon ta cibiyar kula da lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa, wadda zai iya amfani da ita daga ɗakinsa.

Na biyu ya shafi karatun kansa, kuma shi ne mai wa'adi. A yawancin jami'o'in ƙasar nan, ɗalibin da fashinsa ya wuce kashi 25 cikin 100 na darussan wani fanni ana yi masa hirman, wato a hana shi zama jarrabawar ƙarshe a lissafa masa faɗuwa. Idan matsakaicin makinsa ya sauka ƙasa da 2 cikin 5 sai a ba shi gargaɗi, wanda kan jawo tsayar da alawus, idan gargaɗin ya maimaitu a jere kuma ana iya sallamarsa, ga ɗalibin gurbin kyauta kuwa sallama tana nufin rasa iƙama. Na ga yaran da rashin barci ya sa suka rasa darussan safe, tsoron hirman ya ƙara hana su barci, har zangon ya tafi gaba ɗaya, alhali akwai mafita a cikin ƙa'idar kanta. Ɗalibi yana iya neman uzurin janyewa daga fanni ɗaya ko daga zangon duka ba tare da an lissafa masa faɗuwa ba, kuma rahoton likita yana ƙarfafa buƙatar. Sai dai ana rufe karɓar wannan buƙata makonni kafin jarrabawar ƙarshe, ranar tana rubuce a kalandar karatu ta jami'ar, wadda kowa zai iya dubawa a shafinta. Ka duba ta tun kafin ku haɗu. Kafin ya cike takardar kuma ya fara zuwa ofishin ɗaliban gurbin kyauta ya tambayi yadda janyewar za ta shafi alawus ɗinsa da ɗakinsa da iƙamarsa, domin sharuɗɗan ɗaliban waje sun bambanta da na 'yan ƙasa, kuma ya nemi a ba shi amsar a rubuce.